Hawan keke da tattaki a gaɓar teku: da me ake auna tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan yi mako guda a wani yanki na bakin teku mai duwatsu, inda aka ce akwai hanyoyin keken hawan dutse da na tattaki. Na saba tuƙa keke a tudu amma ban taɓa hawa a gaɓa ba. Yaya zan tsara tafiyar kowace rana, me zan gyara a jikin keken, kuma wane haɗari ne baƙo bai cika lura da shi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kuskuren da baƙo ya fi yi a gaɓa shi ne auna tafiya da kilomita. A can abu biyu ne ke yanke maka lokaci: yawan hawa da gangara, da kuma cikar teku da janyewarsa. Wanda ya tsara yininsa a kan waɗannan ya gama rabin aiki tun kafin ya ɗaura takalmi.

Hanyar gaɓa ba shimfiɗaɗɗiya ba ce kamar yadda take bayyana a taswira. Duk inda rafi ya faɗa teku ya yanka kwari, dole ka gangara har ƙasa ka sake hawowa. Hanyar da ta zagaye kudu maso yammacin Ingila tsawonta kilomita 1,014 ne, amma jimillar hawan da ke cikinta ta kai kusan mita 35,000, alhali babu wani babban tsauni a kanta. Don haka ka yi lissafi da ƙa'idar da William Naismith, ɗan Sikotland, ya fitar a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, sannan ƙarin awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Tattakin kilomita 15 mai hawan mita 900 zai ci awa 3 da ƙarin awa 1 da rabi, wato awa 4 da rabi, ba a sa hutu ba. Idan akwai rairayi mai laushi ko matakalar dutse, ƙara rubu'in lokacin a kai. A keke ma haka ne: kilomita 30 mai hawan mita 1,000 yini ne cikakke ga matsakaicin mahayi. Ranar farko ka ɗauki rabin abin da kake jin za ka iya.

Sai maganar ruwa, wadda takan kashe mutane. A mafi yawan gaɓoɓi teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, saboda haka lokacin janyewar na jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Mashigar da ka bi a bushe da ƙarfe 9 na safiyar Litinin tana iya zama cikin ruwa a daidai wannan lokaci ranar Alhamis. Kuma ruwan ba ya hawa da sauri iri ɗaya. Masu jirgin ruwa suna raba tazarar cika, wato yawan hawan da ruwa ke yi daga ƙarshen janyewa zuwa cikarsa, gida 12: awa ta farko ya hau kashi 1, ta biyu kashi 2, ta uku da ta huɗu kashi 3 kowacce, ta biyar 2, ta shida 1. A wurin da tazarar ta kai mita 6, ruwan zai hau rabin mita ne kawai a awa ta farko, mutum ya saki jiki, sai a awa ta uku da ta huɗu ya hau mita 3 gaba ɗaya. A nan ne ruwa ke rutsa mutane a gindin dutse, gaba ruwa baya ruwa. Lokacin tsayuwar wata da lokacin cikarsa tazarar ta fi girma. Wuri ma ya bambanta ƙwarai: a mafi yawan Bahar Rum ba ta kai rabin mita ba, a mashigar Biristol kuwa tana wuce mita 12.

Abin yi mai sauƙi ne. Samo jadawalin cikar teku na tashar jiragen ruwa mafi kusa, ka rubuta lokutan a takarda, kada ka dogara da waya domin sabis kan ɗauke a ƙarƙashin duwatsu. Duk wani yanki da za ka bi ta kan rairayi, ko bakin kogi da za ka ƙetare, shiga shi ruwa na kan janyewa, kamar awa 2 kafin ya kai ƙarshen janyewarsa, ka fita kafin awa 1 bayan ya juyo. Masu bin hanyar Otter a Afirka ta Kudu, tattakin kwana biyar a gaɓar Tsitsikamma, sukan tashi tun da duhu a rana ta huɗu don kawai su riski kogin Bloukrans ruwa ya janye. In ka makara, bi ta hanyar sama ko ka zauna ka jira. Jiran awanni har ruwan ya sake janyewa ba asara ba ne.

A saman dutse kuma, ka bar aƙalla mita 5 tsakaninka da baki. Igiyar ruwa na ƙwaƙule gindin dutsen, ciyawar da kake gani a sama wani lokaci babu komai a ƙarƙashinta. Bayan ruwan sama mai yawa zaizayar ta fi tsanani, kuma kada ka zauna hutawa a inuwar gindin dutse inda ka ga sababbin ɓaraguzai sun zubo.

Kafin ka hau keke, tabbatar an yarda da shi a hanyar. A Ingila da Wales hanyar ƙafa ta masu ƙafa ce kaɗai. Hanyar dawaki ce dokar 1968 ta buɗe wa keke, da sharaɗin ya kauce wa mai tafiya da mai doki. A kudu maso yammacin Fotugal, a tsarin hanyoyin Rota Vicentina, hanyar masunta da ke bin bakin dutse ta ƙafa ce zalla, ta cikin ƙasa ce ake bi da keke. Dalilin ba son rai ba ne: taya na tumɓuke ciyawar da ke riƙe tudun rairayi, da zarar ta tafi iska ta kwashe sauran. Wuraren da aka tsara hanyoyi domin keke, irin su Finale Ligure a Italiya, sukan sa alamar launi: kore da shuɗi masu sauƙi, ja mai wuya, baƙi na ƙwararru. Sai dai ja a wani yanki baƙi ne a wani, don haka fara da mataki ɗaya ƙasa da wanda ka saba.

Yanzu keken kansa. Taya mai faɗin inci 2.3 zuwa 2.4 ta wadatar, kuma wadda ba ta da tiyub, ake zuba mata ruwan gam a ciki, ita ta fi, domin ciyayin gaɓa ƙaya gare su kuma dutsen na da kaifi. Mai nauyin kilo 70 zuwa 75 ya fara da iska psi 23 (ma'aunin matsin iska a taya) a gaba, 26 a baya. Mai tiyub ya ƙara 4 ko 5, in ba haka ba wili zai matse tiyub a kan dutse ya yi masa huda biyu jere. Idan ruwan gam ɗin ya wuce wata uku a ciki, ƙara sabo kafin tafiya, yana bushewa. A kan rairayi mai laushi rage psi 3 ko 4, sauya zuwa giya mai sauƙi tun kafin ka shiga, mayar da nauyinka baya, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa. Kada ka murɗa kan keke da ƙarfi, kada ka taɓa birkin gaba, domin tayar gaba za ta nutse ta jefa ka ta sama. Dutsen da ya yi kore da gansakuka kuwa, sauka ka tura.

Gishiri da yashi su ne ke cin keke a gaɓa, kuma ba sai ka shiga ruwa ba, iskar kanta ɗauke take da gishiri. Sarƙa na iya yin jan tsatsa a dare ɗaya. Yashi kuma idan ya haɗu da mai mai kauri sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa, yana cin sarƙa da haƙoran giya. Shi ya sa na fi son man sarƙa marar danƙo ko na kakin zuma, a ɗiga ɗigo ɗaya a kan kowace gaɓa, a bari ya shiga, a goge na waje tas. Kowace yamma ka ɗauraye keken da ruwan daɗi a bokiti ko tiyo marar ƙarfi. Injin wanki mai feshi da ƙarfi yana tura ruwan gishiri ya wuce roba ya shiga boris, bayan wata guda ka fara jin ƙara a wili da wajen feda. Goge sarƙa ta bushe kafin ka sa mai, sannan ka share sandunan shakazoba da tsumma mai tsabta, domin ƙwayar yashi ɗaya na iya karce su man ya riƙa yoyo.

Akwai wata ɓarna da ba a gani sai ta yi nisa. Inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, misali sandar sirdi ta alminiyam a cikin firam na baƙin ƙarfe, ruwan gishiri na sa ɗayan ya ci ɗayan har su manne, ba sufanar da za ta raba su. Zare sandar kafin tafiya ka shafa mata giris, in kuma ta kabon ce ka sa man da aka yi domin kabon, ka sake yi bayan ka dawo. Birki ma yashi na cinye shi da sauri: fad, wato abin da ke matse faifan birki, na ƙarfe ya fi na roba jurewa a jiƙaƙƙen yashi, kodayake ya fi ƙara. Idan abin da ya rage a jikinsa bai kai milimita 1 ba, canza, kuma ka riƙe wasu a jaka. Kada mai ya taɓa faifan birki ko kaɗan.

A jakar keke a samu famfo, tiyub ɗaya ko da tayarka marar tiyub ce, abin toshe huda, mahaɗin sarƙa daidai da yawan giyarka, ƙaramin kayan kwance-kwance, da ɗan ƙarfen da ke riƙe giyar baya, domin kowane firam da irin nasa kuma shi ke fara lanƙwashewa idan ka faɗi. Hular kwano ba a maganarta.

Ga tattaki, takalmin da ƙafarka ta riga ta saba da shi ya fi sabo komai tsadarsa. Da zarar ka ji yashi a ciki, tsaya ka zazzage, ka canza safa idan ta jiƙe, domin yashi da laima ne ke kawo bororo. Ruwan sha ka lissafa rabin lita zuwa uku bisa huɗu a kowace awa. Sanyin iskar teku na ɓoye gumi da zafin rana, mutum ya bushe bai sani ba. Wannan iska takan ƙaru bayan azahar, saboda ƙasa ta fi ruwa saurin ɗumi, sai iska ta taso daga teku zuwa tudu, don haka yankin da ya fi tsayi da buɗewa ka gama shi da safe. Hazo na iya rufe gaɓa cikin 'yan mintuna ko da rana tsaka, saboda haka ka sauke taswirar a waya tun daga masauki, ka riƙe rigar iska, tocila da usur. Ka bar wa wani sunan hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ka dawo, ka kuma adana lambar masu ceto na gaɓar ƙasar. A ƙasashen Tarayyar Turai lambar gaggawa ita ce 112.