Gane fahimtar ɗalibai a aji mai cunkoso

Malam, ka tambayi yadda za ka gane waɗanda suka fahimci darasi a ajin da ya cika maƙil, tun kafin jarrabawar ƙarshen zango. Ka daina dogaro da amsar da yara ke bayarwa baki ɗaya, domin masu rauni suna fakewa ne da muryar 'yan uwansu. Ka riƙa kiran yara biyar kullum su karanta ko su yi lissafi a allo ɗaya bayan ɗaya, kana rubuta sakamakon kowa.

Sai dai a ƙauyen da na koyar kusa da Ringim, makin yaro yakan faɗi da damina saboda aikin gona, ba don rashin ƙwazo ba, don haka ka duba rajista ka ga kwanakin da ya yi fashi kafin ka yanke masa hukunci.