Ba dole sai ƙwallo ba

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce tun zuwanka Legas kake fama da ƙuncin rai da rashin barci, abokai sun matsa maka ka shiga ƙwallo, kai kuma ba mai son taro ba ne, ko motsa jiki zai yi maka rana?

Zai yi, amma ba dole sai ƙwallo ba. Na daɗe ina fita motsa jiki da matasanmu na Agege, abin da na lura kowa da irin wanda ke karɓarsa. Mai son jama'a fili ne nasa, rabin maganinsa ma musun da ake tafkawa bayan an tashi wasa ne. Mai gudun hayaniya kuwa in aka ja shi can, ba a daɗewa yake janyewa, ya koma gida yana ganin shi ne bai iya zama da mutane ba. Irinku tafiyar ƙafa da sauri bayan sallar asuba ta fi dacewa, kai kaɗai ko da aboki ɗaya wanda ba ya cika ka da surutu, tun kafin motocin haya na danfo su turnuƙe titi da hayaƙi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya samu aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Ka yi saurin da numfashi zai ɗan hau amma kana iya magana. Jiki in ya motsu haka yana sakin sinadaran da ke kwantar da rai, hasken safiya kuma yana daidaita lokacin barci. Barcin ne yakan fara gyaruwa, saurin fushi ya biyo baya a hankali.

Wani zai ce ai masu dako a kasuwar Mile 12 sun fi kowa motsi. Ni ban ɗauke su ɗaya ba. Wanda ke ɗauke da kwandon tumatir, ana daka masa tsawa, hankalinsa na kan kuɗin haya, jikinsa ne ke aiki, zuciyar ba ta huta ba.

Sai dai fa in abin ya kai ba ka iya cin abinci, ko kana jin rayuwar ta ishe ka, kada ka tsaya jiran tafiyar asuba. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Yaba, kuma ba sai wanda ya zauce ke zuwa ba. Ka samu wani babba da ka yarda da shi ya raka ka.