Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Baktin Ya Raba Dostoyebski da Tolstoy?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗaliba ce mai nazarin adabi, kuma na sha cin karo da maganar cewa manazarcin nan na Rasha, Mikail Baktin, ya ce cikin marubutan Rasha, littattafan Dostoyebski masu tarin muryoyi ne, na Tolstoy kuwa murya ɗaya ce tal. To ai kowane ƙagaggen labari cike yake da mutane masu magana. Ina bambancin yake?

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Baktin bai damu da yawan bakunan da ke magana a cikin littafi ba. Abin da ya sa wa ido shi ne wanda ke riƙe da hukuncin ƙarshe, wato ko marubuci ya san wani abu game da taurarinsa wanda su ba su sani ba, kuma ba su da damar mayar masa da martani.

Ya fara fitar da wannan ra'ayi a littafinsa kan Dostoyebski na 1929, a daidai lokacin da hukumomin Tarayyar Sobiyet suka kama shi, daga baya suka kora shi zuwa Kustanai da ke Kazakistan. Littafin ya shafe shekaru kamar an manta da shi, sai a 1963 aka sake buga shi bayan ya faɗaɗa shi, kuma a wannan bugun ne ya kawo misalin da nake ganin zai warware miki matsalar.

Ya ɗauki wani gajeren labari na Tolstoy na 1859 mai ba da labarin mutuwa uku. Akwai wata attajira da ciwo ya ci ƙarfinta, tana cikin tafiya a keken doki. A zangon da suka yada, wani tsohon matuƙi na kwance rai a hannun Allah, sai saurayin da ke tuƙa attajirar ya roƙe shi sababbin takalmansa, tsohon ya ba shi bisa sharaɗin ya saya masa dutsen kabari. Saurayin bai sayi dutsen ba, amma da aka yi masa gori sai ya shiga daji da sassafe ya sare bishiya don ya yi wa kabarin gicciye, mutuwar bishiyar ita ce mutuwa ta uku. Baktin ya lura cewa attajirar ba ta san da tsohon ba, shi ma bai san da ita ba. Tolstoy kaɗai ke tsaye a sama yana ganin su duka, yana auna mutuwar wannan da ta wancan, yana yanke wadda ta fi kyau. A cewarsa, da Dostoyebski ne ya rubuta labarin, da ya haɗa attajirar da matuƙin fuska da fuska, kowa ya ji abin da ɗan'uwansa ya ɗauka gaskiya, su yi ta ja-in-ja, shi kuma marubucin ya shiga cikinsu a matsayin abokin muhawara.

Baktin ya kuma gwada Dostoyebski da Gogol, wani marubucin Rasha. A littafin Dostoyebski na farko, na 1846, wani talakan akawu mai suna Debushkin ya karanta labarin da Gogol ya rubuta kan wani akawu da rigarsa ta sanyi, sai ransa ya ɓaci, domin ya ga kamar shi aka leƙa aka tona wa asiri, aka gama bayaninsa kaf tun yana raye. Abin da Gogol ke faɗi game da tauraronsa daga waje, Dostoyebski ya miƙa wa tauraron kansa, ya ji, ya ƙi amincewa. Haka ma a littafinsa na ƙarshe, na 1880, Dostoyebski, wanda Kirista ne mai riƙo da addini, ya bar tauraronsa Iban Karamazob ya kafa hujja kan azabar da ƙananan yara ke sha, hujjar da ta yi ƙarfin da har yau masu karatu ke saɓani kan ko littafin ya iya amsa ta.

Sai dai kada ki haɗiye maganar ɗungurungum. A ganina Baktin bai yi wa Tolstoy adalci ba, domin ya auna shi da labari mai 'yan shafuka, alhali duk wanda ya karanta littafin Tolstoy mai suna Anna Karenina ya san cewa tauraruwarsa ta fi ƙarfin hukuncin da marubucin ya so yanke mata. Manazarta irin su Gary Saul Morson da Caryl Emerson, waɗanda suka yi wa aikin Baktin hidima sosai a Amurka, su ma sun nuna cewa wannan rabon bai kama Tolstoy yadda ya kamata ba. Idan za ki yi rubutu a kai, ki fara karanta gajeren labarin nan na mutuwa uku, sannan ki buɗe babi na biyu na littafin Baktin, inda ya tattauna shi.