Gida a jeji bayan Pitowa: kada ginin ya cinye jari

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina sayar da masara da gyaɗa a Garwa ta Kamaru, hayar gida da ta sito sun ishe ni. Wani jauro, wato mai garin ƙauye, ya nuna mini fili mai araha a jeji bayan Pitowa. Ina so in cire sefa miliyan 2 daga jarina na miliyan 5 in gina ɗan gida, in koma da iyali, in riƙa ajiye kaya a can. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Wurin ba laifi. Pitowa na kan kwaltar da ta tafi Marwa, kusa da Garwa, ga kasuwar Lahadi inda hatsi ke sauka. Inda za ka ciro kuɗin ne bai kwanta mini ba. Mai hatsi yana cin riba ne daga abin da ya saya da kaka, ya riƙe har bazara ta yi nisa farashi ya ɗaga. Miliyan 2 cikin 5 kusan rabin ƙarfinka ne. Duk buhun da kuɗinsa ya koma bulo da kwano, ribarsa ta bana ta tafi, ta baɗi ma haka, kuma kuɗin hayar da za ka huta da shi da wuya ya cike gurbin.

Sai fili, nan mutanenmu suka fi ƙonewa. A dokar filaye ta Kamaru ta 1974, titir fonsiye, wato takardar fili ta gwamnati, shi ne shaidar mallaka, ƙasar da ba ta da shi kuwa tana ƙarƙashin kulawar gwamnati. Takardar jauro ko lawan da shaidu tana da amfani, don ba ka zama lafiya a ƙauye ba da yardarsu ba. Amma ba ta mai da kai mai fili a gaban alƙali, banki ma ba ya karɓarta jingina. Wanda ya sari sabon daji yau, izinin wucin gadi yake fara nema, kwamitin da suprefe (jami'in gwamnati mai kula da gunduma) ke shugabanta ya zo ya duba wurin, mai neman ya raya filin, sannan a yi zancen titir. Abin yana cin lokaci da kuɗi, ka sa su cikin farashin filin tun yanzu. Kafin ka ba da ko dala, tambayi maƙwabta a gefe, ba a gaban mai nuna maka ba: gonar gado ce da magada ke birni? Burtali ne? In hanyar shanu ce, araharta ta zama rigimar kowace shekara.

Kuma kada ka yanke shawara da rani. Je ka gan shi a Agusta, lokacin da mayo, wato rafi, ke cika ya yanke hanya, mota ta kasa shiga da buhu. Lissafa man babur na zuwa kasuwa kullum, da makarantar yara, da haƙar rijiya. Da hunturu kuma sai ka share ciyawa kewaye da gida saboda wutar daji.

Ajiye kaya a can ban ba ka shawara ba. Matsalar gara da ɓera mai sauƙi ce, a ɗora buhu kan katako. Babbar damuwar ita ce a san cewa akwai ɗan kasuwa shi kaɗai a jeji da sito cike, alhali garkuwa da mutane ba baƙon labari ba ne a wasu sassan Arewacin Kamaru. Kaya su zauna a gari, ciniki ya kwana a asusun waya na Orange Money ko MoMo, ba ƙarƙashin katifa ba.

In ka sayar da kayan bana, daga ribar ka kama filin ka fara bin takarda, ka haƙa rijiya, ka yi ɗaki ɗaya da danga. Sa raguna kaɗan na turka don Babbar Sallah da yaro mai kula, wurin ya fara biyan kansa. Iyali su jira sai ka ga yadda damina ɗaya ta yi da hanyar.