Fatawa: Ya halatta in sa ɗana cikin gwajin sabon magani?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, daga Tawa nake, maigidana yana ci-rani a Abijan. Na kai yarona ɗan shekara biyu asibiti da masassara, sai wasu ma'aikata suka ce suna gwajin sabon maganin zazzaɓin cizon sauro, suna so in sa shi ciki. Za su riƙa ɗibar jininsa, duk zuwa kuma a ba ni jika biyu kuɗin mota. Sun miƙo mani takarda da Faransanci in dangwala, na ce sai na yi shawara. Uwar mijina ta ce haramun ne, sayar da jinin ɗa ne. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, kin kyauta da ba ki dangwala ba. Takardar da mutum bai san abin da ke cikinta ba, yatsansa a kanta ba ya zama yarda a shari'a.

Asalin binciken magani halal ne, wani lokaci ma farilla ce ta kifaya a kan al'umma. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Usama ɗan Sharik cewa Annabi (SAW) ya yi umurni da neman magani, domin Allah bai saukar da cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da tsufa. To, magani ba a gane amfaninsa sai an jarraba, kuma jikin yaro ba irin na babba ba ne, ba a iya auna masa ƙwaya da abin da aka gani a jikin ɗan shekara 40. A nan ƙasarmu Nijar, cikin jihar Dosso, an gwada bai wa yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin azitromisin sau biyu a shekara, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna mace-macen yara sun ragu da wajen kashi 18 cikin 100. Iyayen da suka yarda a lokacin, in niyyarsu ta yi kyau, muna fatan suna da ladar kowane yaro da ya rayu.

Amma tsoron surukarki ba daga sama ya faɗo ba, kada ki raina shi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Kamfanin ya ce cutar ce ta kashe su, iyaye kuwa suka ce ba a taɓa gaya masu gwaji ake yi ba, su dai sun ɗauka jinya ce. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano kan dala miliyan 75. Ko da a ce maganin bai kashe ko yaro ɗaya ba, ɓoye wa uba cewa gwaji ake yi da ɗansa, in ya tabbata, ha'inci ne.

Wurin da mas'alar take da nauyi shi ne yaron kansa. Babba mai hankali yana iya cewa na yarda a gwada a kaina don mutane su amfana, a karɓa masa matuƙar ba halaka zai jefa kansa ba. Ɗan shekara biyu ba shi da bakin cewa i ko a'a, jikinsa kuwa ba mallakinki ba ne, ba na ubansa ba ne, amana ce. Ƙa'idar malamai ita ce waliyyi ba ya zartar da komai a kan yaro sai abin da yake maslahar yaron. In dukiyar maraya Allah ya ce kada a kusance ta sai ta hanya mafi kyau, ina ga jininsa da lafiyarsa? Saboda haka ne Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta tsananta har ta ce ba a bincike a kan wanda hankalinsa bai cika ba ko da waliyyansa sun yarda. Abin da nake rinjayarwa shi ne a bambance. Idan yaro lafiyarsa lau, ko gwajin ba zai amfane shi da komai ba sai wahala da haɗari, hanin yana nan daram. Idan kuwa yana ɗauke da cutar da ake nema wa magani, likitoci kuma suna da hujjar cewa sabon maganin bai kasa wanda ake da shi ba, to wannan ya fi kusa da jinya, kuma waliyyi yana da ikon yarda da jinya.

Don haka ki koma ki sa a fassara maki takardar da Hausa, layi-layi, gaban wani mai karatu da kika amince da shi, ba ma'aikacinsu ba. Ki tambaya ko kwamitin ƙasa mai tantance binciken lafiya, wanda ke ƙarƙashin ma'aikatar lafiya a Yamai, ya ba su izini, su nuna maki shaida. Ki tambayi illar da aka riga aka gani, da wanda zai ɗauki nauyin jinya in abu ya ɓaci. Akwai kuma tambayar da mutanenmu ba su cika sanin yi ba. A irin wannan gwaji akan raba yara kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, wasu su sha sabon magani, wasu su sha wani abu daban don a kwatanta. Ki ce masu: in ɗana ya faɗa kashi na biyu, me za a ba shi? In maganin da aka sani ne mai aiki, babu laifi. In kuwa ƙwaya ce ta banza mai kama da magani, alhali yaro na kwance da zazzaɓin da kan kashe cikin ƴan kwanaki, haramun ne, domin hadisin da Imamu Malik ya kawo cikin Muwaɗɗa ya ce babu cuta babu cutarwa. Kuma su faɗa maki da bakinsu cewa duk ranar da kika janye, ba za a hana yaron magani ba.

Batun jini, hanin da ya zo cikin Bukhari na cin kuɗin jini ne. Ɗan abin da ake ɗiba a sirinji don awo ba ciniki ba ne, kuɗin mota kuma madadin abin da kika kashe ne da yinin da kika rasa, halal ne. Sai dai ki binciki zuciyarki. In kin san ba don jika biyun nan ba da ba za ki yarda ba, ki bari, don ita Majalisar Fiƙihun nan ta ambaci kwaɗaita wa matalauta da kuɗi cikin abin da ke ɓata yarda.

Saura izini. A mazhabarmu ta Malikiyya reno naki ne, walicci na uba ne. Jinyar gaggawa ba ta jiran kowa, ki kai yaro a yi masa magani ko tsakar dare ne. Gwaji kuwa ba gaggawa ba ne, Abijan kuma ba ta fi ƙarfin waya ba. Ki kira maigidanki, a karanta masa abin da aka fassara maki, in da hali surukarki tana zaune tana ji. In ya yarda kuma sharuɗɗan nan sun cika, ki dangwala. In ya ƙi, ko aka yi maki ƙwauron amsa ko da a tambaya ɗaya ce, ki karɓi maganin da aka saba ki koma gida, babu zunubi a kanki.

Allah ya ba yaron lafiya. Wallahu a'alam.