Hukuncin Cewa Mace Tana Da Farar Ƙafa

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekarata biyu da aure. Wata huɗu da tarewa aka sallame ni daga aiki, sana'ar da na fara da kuɗin sallamar ta karye, daga baya kuma na yi haɗari na kwanta jinya. Yanzu 'yan'uwana sun dage cewa matata farar ƙafa gare ta, wai tun da ta shigo komai nawa ya tsaya. Ɗayansu har ya kawo mini hadisin da ya ce akwai shu'umci a mace da gida da doki. Ni ban taɓa kama ta da wani laifi ba, amma maganar ta fara shiga raina, har idan zan fita da safe muka haɗa ido sai gabana ya faɗi. Shin akwai farar ƙafa a Musulunci? Kuma ina da laifi in na rabu da ita?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya ba ka lafiya, ya mayar maka da mafi alherin abin da ka rasa.

Ɗan'uwa, ɗora wa matarka alhakin waɗannan jarrabawowi haramun ne. Camfi ne, wanda Shari'a ke kira ɗiyara. Kalmar ta fito daga sunan tsuntsu a Larabci, domin Balaraben jahiliyya idan zai yi tafiya sai ya tsorata tsuntsu ya tashi: in ya yi dama ya kama hanya, in ya yi hagu ya koma gida. Annabi (SAW) ya rushe wannan a hadisin Abu Huraira da Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda ya kore camfi gaba ɗaya, har da camfa mujiya da watan Safar. A hadisin Ibnu Mas'ud na wajen Abu Dawuda ya maimaita sau uku cewa camfi shirka ne. Malamai suka ce ƙaramar shirka ce idan mutum ya ɗauki abin a matsayin sababi alhali Allah bai sanya shi sababi ba, ta zama babba idan ya ƙudurta cewa abin da kansa yake kawo sharri. Kuma ka lura da waɗanda Alƙur'ani ya ambata da wannan ɗabi'a: mutanen Fir'auna da suka camfa Annabi Musa a Suratul A'araf aya ta 131, mutanen Annabi Salihu a Suratun Namli aya ta 47, da mutanen alƙaryar nan ta Suratu Yasin waɗanda manzanni suka mayar wa da amsa cewa shu'umcinku yana tare da ku. A dukkan wuraren uku mutanen kirki ne aka camfa.

Faɗuwar gaban da kake ji kuwa ba a kama ka da ita ba. Mu'awiya bn Hakam ya tambayi Annabi (SAW) a kan wannan, ya ce masa abu ne da mutum yake ji a ransa, kada ya bari ya hana shi abin da ya nufa. Muslim ne ya ruwaito. Laifin yana farawa ne daga inda ka yi aiki da shi.

Hadisin da ɗan'uwanka ya kawo ingantacce ne, ba za mu ɓoye shi ba. Yana cikin Bukhari da Muslim daga Abdullahi bn Umar. Sai dai ya zo da lafazi biyu. Ɗaya ya ce shu'umci yana cikin abu uku, ɗayan ya ce in da akwai shu'umci a wani abu to da a waɗannan ukun ne, kuma wannan na biyun sharaɗi ne, ba tabbatarwa ba. Nana A'isha, kamar yadda Imamu Ahmad ya ruwaito, ta yi inkari mai tsanani a kan fahimtarsa a zahirinsa, ta ce Annabi (SAW) labarin aƙidar mutanen jahiliyya yake bayarwa, ta karanta aya ta 22 a Suratul Hadid, cewa babu wata musiba a ƙasa ko a kawunanku face tana rubuce kafin a halicce ta. Wasu malamai suka fassara shu'umcin da abin da ido ke gani: mace mai mugun hali da kaifin harshe, gida mai ƙunci da mugun maƙwabci, doki mai gardama. Imamu Malik ya bar hadisin a zahirinsa, ya ce gidaje nawa mutane suka zauna suka halaka, wasu suka shiga su ma suka halaka. Ma'anarsa a wajen malaman mazhabarsa ita ce Allah yana iya hukunta cuta ta dace da zama a wani wuri, ba wai ginin ne ya haifar da ita ba. A Muwaɗɗa kuma akwai matar da ta kai kukan gidan da suka koma, yawansu ya ragu, dukiya ta tafi, Annabi (SAW) ya ce su bar shi. Daga nan ne wasu suka ce an yi sauƙi ga wanda zuciyarsa ta kasa natsuwa da abu ya rabu da shi, don ya tsare aƙidarsa daga waswasi.

Abin da na fi natsuwa da shi shi ne wannan sauƙin bai hau kanka ba. Gida ba ya kuka idan an bar shi, ba ya yawo da tambarin da zai hana shi samun wani mai shi. Matarka mutum ce mai haƙƙi, kuma kai da bakinka ka shaida ba ka kama ta da laifi ba. In ka sake ta sakin ya auku, amma ka haɗa abu biyu: zalunci, da shiga ƙarƙashin hadisin Abdullahi bn Amr na wajen Ahmad, cewa wanda camfi ya mayar da shi daga buƙatarsa ya yi shirka.

Za ka ce, to Malam ai abubuwan sun faru. Sun faru, amma ka duba yadda aka yi lissafin. An ƙirga aiki, an ƙirga jari, an ƙirga haɗari. Waye ya ƙirga cewa ka fita daga haɗarin da ranka? Waye ya ƙirga wadda ta yi jinyarka? Haka zuciya take, idan ta riga ta yanke hukunci sai ta riƙa tsintar abin da ya dace da shi tana zubar da saura. A 1948 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, B. F. Skinner, ya sa tattabaru a keji, na'ura tana sako musu abinci lokaci-lokaci ba tare da la'akari da abin da suke yi ba. Ba a jima ba wata ta kama juyawa, wata ta kama kaɗa kai, kowace tana maimaita abin da take yi sa'ad da abincin ya faɗo. Abu biyu sun haɗu a lokaci ɗaya, sai aka ɗaura musu aure.

Mafi muni shi ne camfi yana ƙera abin da yake tsoro. Ka kwatanta safiyarka. Kun haɗa ido, gabanka ya faɗi, ka fita ka riga ka sallama cewa yau ba sa'a. Wanda ya ce ka dawo gobe a kan maganar aiki ba ka koma ba, don me za ka wahalar da kanka? Ka dawo fuska a murtuke, ta gaishe ka ka amsa a daƙile. Ita ma ba yarinya ba ce, ta ji abin da ake faɗa, sai ta janye jikinta, gida ya yi sanyi. Sannan 'yan'uwa su ce ka gani ko? Wannan ba a gida ɗaya kawai yake faruwa ba. A Japan akwai camfin cewa yarinyar da aka haifa a shekarar da suke kira ta dokin wuta, mai zagayowa duk bayan shekara 60, za ta zame wa mijinta bala'i. Da ta zo a 1966, haihuwa ta faɗo daga kusan miliyan 1.8 zuwa ƙasa da miliyan 1.4, shekara na juyawa ta koma sama. Shekarar ba ta yi wa kowa komai ba, tsoronta ne ya yi.

Sunna ta riga kowa nuna wannan. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya je duba wani dattijon ƙauye marar lafiya, ya ce masa ba komai, tsarkaka ce in Allah ya so. Dattijon ya ce a'a, zazzaɓi ne mai tafasa a jikin tsoho, zai kai shi kabari. Annabi (SAW) ya ce, to haka ne. Shi ya sa aka hana camfi aka so kyakkyawan fata: ranar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, da Suhailu bn Amr ya iso, Annabi (SAW) ya ce wa sahabbai al'amarinku ya yi sauƙi, saboda sunan mutumin daga sauƙi aka ciro shi.

Kambun baka daban yake, gaskiya ne, kuma maganinsa azkar da ruƙiyya, ba zargin wani ba tare da hujja ba.

Duk sa'ad da faɗuwar gaban ta zo, ka faɗi abin da aka koyar a hadisin nan na Ibnu Amr: Allahumma la khaira illa khairuka, wa la ɗaira illa ɗairuka, wa la ilaha gairuka, sannan ka fita harkarka. Ka zauna da wanda ya san sana'ar da ta karye ku bi lissafinta, bashi ne ya cinye ta, ko cin uwar kuɗi, ko rashin sanin kasuwar. 'Yan'uwanka kuma ka gaya musu cikin ladabi cewa maganar ƙazafi ce a kan Musulma, ba ka son a sake yin ta a gabanka. In maganar ta riga ta kai kunnen matarka, ka nemi afuwarta.

Wallahu a'alam.