Amsar tambayoyinku: tururuwa mai fiffike, kainuwa, da batun "a rina"

Tambayoyin wannan makon kusan duk a kan ƙwari da tsirrai suka faɗo, ina jin saukar damina ce ta jawo, shi ya sa na haɗa su wuri guda.

Wani ɗalibi daga unguwar Gwammaja a Kano ya ce, Malam mece ce ma'anar "in tururuwa ta tashi lalacewa fiffike take yi", kuma wai da gaske tana yin fiffiken?

Da gaske ne ɗana. Ma'anar dai a fili take, mutum ne zai samu wata 'yar dama, kuɗi ko muƙami, sai ya fara ɗagawa yana taka na gaba da shi, to sai a ce ƙarshensa ya zo. Amma ni abin da ke burge ni shi ne idon wanda ya fara faɗin maganar nan, don wallahi ya tsuguna ya kalli tururuwa sosai. Waɗanda kake gani suna jan hatsi a layi duk mata ne ma'aikata, ba sa fiffike har su mutu. Masu fiffiken su ne maza da matan da za su zama uwar gida a sabon rami, bayan an yi ruwa ƙasa ta jiƙe sai su fito su tashi sama su yi barbara, mazan su mutu ba da jimawa ba, matan ma yawancinsu tsuntsaye da ƙadangaru da kwaɗi su cinye, 'yar kaɗan da ta tsira ita ce za ta karye fiffikenta ta haƙa rami ta fara gida. Ka ga kenan Bahaushe bai yi ƙarya ba, a idon mai kallo duk wadda ta yi fiffike ta tafi kenan.

Sai dai don Allah a daina haɗa ta da gina. Abin nan da ke cika fitila daren da aka yi ruwan farko, yara su ajiye kwano da ruwa suna kamawa a soya, gina ce, wasu su ce shinge, kuma 'ya'yan gara ne daga suri suke fitowa. Gara ba tururuwa ba ce, masana ma sun ce ita dangin kyankyaso ce, tururuwa kuwa dangin rina da zuma. Abin da ke damuna kenan da yaran birni yanzu, komai ƙwaro. Ka nuna wa yaro cinnaka ya ce ƙwaro, kiyashi ƙwaro, buzuzu na mirgina kashin shanu ƙwaro, maƙesu na walƙiya da dare ƙwaro, har ƙadandoniya da shanshani. Alhali kakarsa ta san kiyashi sukari yake bi, kwarkwasa in ta yi ayari sai a tashi daga ɗaki, cinnaka kuwa har kirari ta samu, "ba ki san na gida ba", saboda ba ta tambayar waye mai gidan kafin ta ciza. In ka buɗe ƙamusun Hausa na Baturen nan Bargery na 1934 za ka ga sunayen nan birjik, mutane ne suka faɗa masa da bakinsu. Ni har gobe in an ɗauke ruwa da yamma nakan zaga gindin Goron Dutse da jikokina, duk abin da muka gani sai an faɗi sunansa kafin mu wuce, kuma ba a kashewa.

Wata baiwar Allah daga Fagge ta ce shin rinar da ke cikin "an san a rina" mai harbin nan ce?

A'a 'yar'uwa, rinin tufafi ne irin na karofin Ƙofar Mata. Cikon maganar shi ne "an saci zanen mahaukaciya", duk gari an san zanen, ɓarawo dole ya sauya masa launi.

Wani ya tambayi me ya sa ake ce wa kainuwa "dashen Allah".

Saboda ba wanda ya shuka ta, ba ta kuma kafe a ƙasa ba. Ka ɗaga guda ɗaya daga kududdufi ka gani, saiwarta reto take yi a cikin ruwa kamar gemu, tana fitar da 'ya'ya ta gefe har ta rufe ruwan ruf. Shi ya sa ake yi wa wanda ya tashi ba gata ba madafa amma ya zama wani abu wannan kirari. Kar a rikita ta da bado, shi saiwarsa a cikin laka take. Kududdufan cikin birni da aka samu wajen haƙar ƙasar gini yawanci an cike su an yi gidaje, to ina yaro zai ga kainuwa balle ya gane kirarin? Wannan na ci mini rai ƙwarai.

Malam, gizo da tautau ɗaya ne?

Duk masu ƙafa 8 ne, ba 6 irin na fara da ƙuda ba, amma tautau shi ake ɗora wa laifin ƙurajen nan da ake cewa ya yi wa mutum fitsari.

Ta ƙarshe daga wata malamar firamare, ta ce yaranta na son sanin asalin sunan malam-buɗe-littafi.

Malama ki kai su inda tumfafiya take da hantsi su tsaya shiru. Akwai wani mai ruwan goro da baƙin gefe da ɗigon fari da ke saka ƙwai a ganyenta, in ya sauka zai riƙa buɗe fiffike yana rufewa kamar mai buɗa shafi, su da kansu za su ba ki amsa. A ja musu kunne dai kar su taɓa ruwan nonon tumfafiyar su kai ido, yana da dafi.